Tun Yana Aji Uku Ake Fara Shirin Fitarsa

Maganata da iyaye ce, musamman waɗanda Allah ya ba su ɗa makaho ko kurma ko gurgu, suka daure suka kai shi makaranta maimakon bakin titi. Kun yi abin a yaba, Allah ya saka da alheri. Sai dai a shekarun da na yi ina koyarwa a makarantar masu buƙata ta musamman har na yi ritaya, ban ga inda yaranmu suka fi zubewa ba kamar shekara biyun da ke bin kammala sakandare. Yaro ya iya karatu, ya ci jarrabawa, an yi walima an ɗauki hoto, sai ya dawo gida ya zauna a zaure. Shekara ta zagayo yana nan. Ta biyu ta zagayo, wani maƙwabci ya ce ai da ana barinsa ya je bakin masallaci ranar Juma'a, da ya rage wa gida wani abu. Daga nan zancen karatu ya mutu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makarantun nan, ko Tudun Maliki ce a Kano, ko A.A. Raji a Sakkwato, ko ta makafi da ke Gindiri wadda 'yan mishan suka kafa tun 1953, domin yaron aka gina su. Malami ya san sunansa, ya iya maganar hannu ko rubutun makafi. Akwai mai tashinsa da asuba, akwai mai lura in bai zo cin abinci ba. Jami'a da kwaleji da wurin aiki kuwa ba a yi su da shi a rai ba, kuma babu mai fitowa cigiyarsa. Malamin da ke gaban ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin lacca bai san da wani kurma a layin baya ba. Zai juya wa aji baya yana rubutu a allo yana magana, kurman da ya dogara da kallon leɓe ya tashi a tutar babu. Ba mugunta ba ce, ba a gaya masa ba ne. Wanda zai gaya masa kuwa ba ke ba ce, uwa, ba kai ba ne, uba. Yaron ne da kansa. In bai koyi yi wa kansa magana da hidima tun yana gabanku ba, ba a can zai koya ba. Shi ya sa nake cewa a fara tun yana aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da sauran shekara uku cur a hannu.

A gida ake farawa, kuma abu na farko da za ku yaƙa shi ne tausayinku. Na sha karɓar budurwa 'yar shekara goma sha takwas wadda ba ta taɓa kunna risho ba, ba ta taɓa wanke kayanta ba, don kullum in ta miƙa hannu sai a ce, "Bari, bari, kada ki ƙone." Uwar tana ganin ƙauna ce, kuma ƙaunar ce, amma a ɗakin kwanan ɗalibai ba wanda zai dafa mata. Ku aike shi kanti. Ku ba shi kuɗi ya sayo ya karɓo canji. Makaho yana gane naira biyar zuwa hamsin da santsin leda, daga ɗari zuwa sama kuwa duk takarda ce, don haka sai ya koyi ninke kowace iri da irin nata ninkin, ko ya ware musu aljihu daban-daban. Za a cuce shi sau ɗaya ko biyu. Gara a cuce shi a ɗari biyu a unguwarku da a cuce shi a kuɗin makaranta a garin da bai san kowa ba.

Sai batun sanda. Samarin makafi da yawa suna jin kunyar farar sanda, sun fi son ɗan jagora, kuma iyaye na biye musu. Ku duba wane ne ɗan jagoran nan: ƙaninsa ne, wanda ya kamata a ce yana aji a wannan lokacin. An kashe karatun ɗaya don a raya na ɗaya, kuma ranar da ƙanin ya yi zazzaɓi duka biyun sun zauna. Akwai wani uba da har yau nake ba da misali da shi. Da 'yarsa ta samu gurbin karatu, sai ya kai ta mako guda kafin a fara lacca, suka riƙa bin hanya daga ɗakin kwana zuwa sashensu, safe da yamma. Ita ce a gaba da sandarta, shi yana baya ya goya hannuwansa don kada su yi masa gardama su kamo ta. Ta haddace lambatun da murfinsa ya karye, da inda inuwar darbejiya take farawa, da ƙarar janareton mai hoton takardu wanda in ta ji shi a hannun hagu ta san lokacin karya kwana ya yi. Ta yi tuntuɓe yana kallo, ya cije bai ce uffan ba sai da ta tsaya ta gyara da kanta. Ya gaya mini wannan cijewar ta fi masa biyan kuɗin rajista wuya.

Aji ukun da na ambata shi ne kuma lokacin zaɓen darussa, kuma a nan ake rufe wa yaro ƙofofi ba tare da kowa ya lura ba. A wurare da yawa akan ƙyale makaho ya yi watsi da lissafi, wai ya yi masa wuya, sai ranar neman gurbi a tarar kwas ɗin da yake so yana neman kiredit a lissafin. Kada ku yarda a sauke masa darasi sai kun tambayi abin da saukewar za ta hana shi gobe. Shi kuwa kurma, Turancin rubutu ne ke kayar da shi, domin harshensa na fari hannu ne, tsarinsa daban. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu ta gado. Wadda ake koyarwa a makarantu kuma tushenta daga Amurka ne, ta shigo ta hannun irin su Andrew Foster, kurman da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Duk biyun harsuna ne cikakku, amma malamin jami'a da mai ɗaukar aiki takarda za su karanta. Ku sa shi ya riƙa karanta jarida, ya riƙa rubuto muku saƙon waya da cikakkiyar jimla. Kuma don Allah, a samu ko mutum ɗaya a gidan da zai koyi maganar hannu sosai. Abin takaici ne a ce saurayi ya kai shekara ashirin bai taɓa yin hira mai tsawo da mahaifinsa ba, sannan a ce za a ba shi shawarar abin da zai karanta.

Rajistar jarrabawa kuma kada ku sakar wa kowa ita. WAEC da NECO suna tanadar takardun rubutun makafi da masu manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci, amma sai ga wanda aka bayyana lalurarsa tun wajen cike fom. Na ga yaron da aka yi wa rajista a wani shagon kwamfuta, mai shagon ya tsallake gurbin don sauri. Ranar jarrabawa aka ajiye masa takarda irin ta kowa, yana shafa ta ba abin da yake ji. Shekara guda ta tafi a kan akwati ɗaya da ba a cike ba. Ku tsaya a kan mai cikewa, a karanta muku abin da ya shigar kafin ya tura. Hukumar JAMB ma, tun 2017 a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawarsu a cibiyoyi na daban, kuma Kano na cikin garuruwan da ake yi. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba, sai su yanke wa kansu hukunci cewa tunda jarrabawar ta koma ta kwamfuta, makaho ba shi da rabo.

Wajen zaɓen makaranta, ku je da ƙafarku tare da shi, kada suna ya ruɗe ku. A wane bene ake laccar 'yan shekarar farko? Za a ba mai keken guragu ɗaki a ƙasa? Ƙofar banɗaki za ta ci keken? Akwai tafintan maganar hannu, kuma nawa ne ga ɗalibai nawa? Yaya makaho yake rubuta jarrabawa a nan, da kwamfuta ko da mai rubuta masa? Ku nemi ɗalibi mai irin lalurarsa da ke aji biyu ko uku, ku saya masa lemo ku zauna. Abin da zai gaya muku a rabin awa babu shi a takardar kowane ofis. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sassan ilimin musamman na jami'o'in Bayero da Jos da Ibadan, sun daɗe da sabawa da irin yaranmu, kuma sun fitar da mutane na ji da gani. Marigayi Farfesa Jibril Isa Diso na Jami'ar Bayero makaho ne, ya kai ƙololuwar karatu a wannan fanni. Amma ina da ƙorafi a kan yadda muke tura kowa can kamar babu wata hanya. Yaron da ke son shari'a ko aikin jarida ko kwamfuta ko ilimin addini, a ce masa a'a, kai malamin makafi za ka zama, an yi masa gatan da bai roƙa ba. Makarantun musamman nawa ne ma a jiha da za su ɗauke su duka?

In kuna da kuɗin abu ɗaya tak, ku saya masa kwamfuta ko da ta hannu ce, ku sa ya koyi bugu da yatsu goma. A zamaninmu tafireta ce, yaro ya buga amsar da shi kansa ba zai iya karantawa ba, in kirtanin tawada ya bushe bai sani ba sai ya miƙa farar takarda. Yanzu akwai manhajar NVDA mai karanta duk abin da ke fuskar kwamfuta da murya, kyauta ce, kuma wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka ƙirƙiro ta. Wayoyin Android suna zuwa da TalkBack a cikinsu. Sai dai kada sauraro ya sa ya saki rubutun makafi. Ɗigo shidan nan da yake shafawa da yatsa su ne ke koya masa yadda ake harhaɗa kalma; wanda kunne kaɗai ya raina, wasiƙarsa ta neman aiki ce ke tona shi.

Yanzu bari in juyo gare ka, ɗana, ko ke 'yata, in an karanta muku wannan ko kun karanta da kanku. A makon farko ake zuwa wurin malami, ba makon jarrabawa ba. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ce, "Malam, ni ɗalibinka ne a kwas kaza, ba na gani. Ina neman izinin naɗar laccarka a waya, kuma in da hali a ba ni takardun darasi ta kwamfuta." Shi ke nan. Ba kuka, ba doguwar tatsuniyar wahala, ba kuma faɗa. Ka faɗi abin da kake buƙata da sunansa, domin yawancin mutane suna son taimakawa, rashin sanin ta ina ne ke sa su kauce. In an ƙi, ka rubuta wa shugaban sashe, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ku kuma iyaye, a asibiti da kasuwa ake koyon wannan. Duk sanda likita ko mai shago ya tsallake yaron ya tambaye ku, "Me yake so?" ku ce, "Ga shi nan, tambaye shi."

Akwai doka a bayanku, ku san ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ta ce karatu kyauta ne gare su har sakandare. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara yadda mai keke da mai sanda za su shiga, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu kashi biyar cikin ɗari na ma'aikatansu su zama masu nakasa, ta kuma sa tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci, miliyan ɗaya ga kamfani. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, James Lalu, wanda shi kansa kurma ne, ya zama babban sakatarenta na farko. Duk wanda ke shiga ofisoshinmu ya san matattakala ba ta karanta doka, har yanzu ana ɗaukar mutane cak a hau da su bene. Duk da haka, wasiƙar da ta ambaci dokar ba a ture ta da sauƙin da ake ture roƙo, musamman in ƙungiyar makafi ko ta kurame ta jiha ta sa mata hannu. Ku sa yaron ya shiga ƙungiyar tun yana makaranta. A can ake jin labarin tallafin karatu da guraben aiki kafin su ƙare.

Ba kowane yaro ne zai je jami'a ba, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Sai dai a zaɓi sana'a da ido biyu. Kakanninmu makafi da tufkar igiya aka san su, ta kuma riƙe su, amma igiyar roba ta cinye wannan kasuwa. Har yau ana tara yara a koya musu haɗa man shafawa da sabulun ruwa na mako biyu, a ba su takardar shaida a watse, ba wanda ya tambaya wa zai saya. Ku leƙa unguwarku ku ga abin da mutane ke biyan kuɗi a kai kullum: gyaran waya, ɗinki, aski, walda, kafinta, kiwon kaji, cire kuɗi da POS. A Kano, waɗanda shan inna ya nakasa sun haɗa kansu suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, sun mai da buƙatarsu sana'a. Kurame kuwa ba a bar su a baya ba a ɗinki da kafinta, in dai maigidan shago ya yarda ya nuna da hannu maimakon ya yi ta ɗaga murya. Yaron da lalurarsa ta fahimta ce, shi aiki ɗaya ake koya masa, a maimaita har ya zauna, sannan a ƙara na biyu. Na ga wanda awon hatsi da ƙulla shi a leda kawai ya iya, kuma mai shagon ba ya yarda kowa ya taɓa masa mudu sai shi. Duk wannan a hutun makaranta ake fara shi, tun yana aji huɗu, don ya saba da zuwa kan lokaci da jin faɗan maigida.

A nan dole in faɗi wata magana mai ɗaci. A watannin farko, bara ta fi koyon sana'a kawo kuɗi, kuma akwai gidajen da da kuɗin nan ake cefane. Ba na zagin kowa, na san talauci. Amma ku yi lissafin da kyau: mai bara a shekara ta goma yana nan inda yake a shekarar farko, sai dai jiki da ya ƙara lalacewa, almajirin tela kuwa a shekara ta uku yana karɓar ɗinkin sallah. In dangi za su taimaka, a nan ne wurin taimako, su ɗauke wa gidan wannan giɓin na ɗan lokaci. Zakkar da za a rarraba ɗari-ɗari a bakin ƙofa, in aka dunƙule ta a keken ɗinki ɗaya, ta fi kai wa inda ake so.

'Ya'ya mata su ne aka fi tsarewa a gida, kuma tsoron iyaye ba na banza ba ne. Akwai marasa tsoron Allah da ke farautar wadda suke ganin ba za ta iya ba da labari ba. Maganin shi ne ta san abin da ba a yarda a yi mata ba, ta san wa za ta gaya wa, ta sami ƙawaye da waya a hannu. Kulle ba ya ba ta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma ku tuna za ku tsufa. Wadda ke da sana'a ko albashi, ko a gidan miji ko a gidan ɗan'uwa, zamanta daban ne da na wadda ake ciyarwa.

Ga waɗanda suka yi karatun gaba, zangon koyon aiki a ma'aikatu da bautar ƙasa su ne ƙofar da ta fi faɗi. Yaranmu da yawa suna fara makaranta a makare, sai su gama sun haura shekara talatin a ba su takardar yafewa. Wanda bai haura ba, kada ku nema masa hanyar zama a gida yana zuwa sa hannu ƙarshen wata. Shekarar nan ce kaɗai lokacin da mai ɗaukar aiki zai ga aikinsa ba tare da ya yi kasadar komai ba, kuma shakkar da ke zuciyarsa gani ne kawai ke cire ta.

Ku kuma masu shaguna da kamfanoni da shugabannin ofisoshi, Alhaji, ranka ya daɗe, in za ka ɗauki mai lalura ka ba shi aiki na gaske. Mafi munin abin da na gani shi ne a ba mutum tebur da albashi a hana shi fayil, wai ana tausaya masa. A shekara biyu sai ya manta abin da ya karanta. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ladanci aka ba shi, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha bar masa riƙon Madina in zai yi tafiya. Ka tambayi ma'aikacin abin da yake buƙata, sau da yawa bai wuce a sauko da teburinsa ƙasa ko a rubuta masa umarni maimakon a faɗa ba. In ya makara ka yi masa faɗa kamar kowa, in ya yi ƙwazo ka ƙara masa girma kamar kowa.

Idan albashin farko ya shigo, asusun ya zama da sunansa, katin cirar kuɗin kuma a aljihunsa, ba a hannun yayansa ba. Zai yi ɓarna a wata na farko, ya sayi takalmin da bai kamata ba. Ku ƙyale shi, sannan ku ɗora masa wani abu na gidan da zai riƙa biya duk wata, ko kuɗin wuta ne ko na makarantar ƙaninsa.